Tambayoyi da Amsoshi Kan Rigakafin Cututtukan Bakteriya da Yadda Ake Gwada Shi

Tarin fuka, da mashaƙo, da tarin shiƙa, da sarƙewar haƙora, da sanƙarau, da taifod, da kwalara, da kaso mai yawa na ciwon huhun yara, duk bakteriya ce ke jawo su, kuma kowanne yana da rigakafi. Sai dai hanyar haɗa waɗannan rigakafin ta bambanta, kuma hanyar da aka bi wajen haɗa kowanne ita ce ke nuna irin gwajin da zai tabbatar da ingancinsa.

Me ya bambanta rigakafin bakteriya da na bairas?

Bairas ɗan ƙaramin abu ne wanda ba ya iya hayayyafa sai a cikin ƙwayar halittar wani, kuma kayan jikinsa kaɗan ne. Na ƙyanda, alal misali, furotin ɗinsa ba su kai goma ba. Bakteriya kuwa halitta ce mai cin gashin kanta, tana ci, tana girma, tana rabuwa biyu, kuma wadda ke jawo tarin fuka tana da ƙwayoyin gado kusan 4,000. Saboda haka tambayar farko da ke gaban mai haɗa rigakafi ita ce: a cikin wannan tarin kaya, wanne za a nuna wa garkuwar jiki?

Amsar tana bin yadda bakteriyar ke yin ɓarna. Akwai wadda dafin da take fitarwa ne ke kisa, kamar ta mashaƙo da ta sarƙewar haƙora. Akwai wadda ta lulluɓe kanta da wani ɓawo na sukari wanda ke hana sojojin jiki kama ta, kamar ta sanƙarau da ta ciwon huhu. Akwai kuma wadda ke shiga cikin sojojin jikin su kansu ta zauna, kamar ta tarin fuka. Daga wannan bambanci ne ire-iren rigakafin suka samo asali.

Shin akwai rigakafin da ake saka bakteriyar gaba ɗayanta?

Akwai, kuma su ne mafi daɗewa. Wasu ana kashe bakteriyar da zafi ko da sinadarin fomalin sannan a bayar da gawarta, kamar rigakafin taifod na farko da aka yi a 1896, da rigakafin kwalara na sha da ake amfani da shi yanzu, da tsohon rigakafin tarin shiƙa wanda har yau shi ne ke cikin allurar nan mai haɗe da rigakafi biyar da ƙasashe da yawa ke yi wa jarirai. Amfanin wannan hanya shi ne garkuwar jiki tana ganin komai na bakteriyar. Illarta kuwa ita ce zazzaɓi da kumburin wurin allura sun fi yawa, domin bangon bakteriyar yana ɗauke da abubuwan da ke tayar da jiki.

Wasu kuma ana barin bakteriyar da ranta amma a raunana ta. BCG na tarin fuka shi ne babban misali. Albert Calmette da Camille Guérin sun ɗauki bakteriyar tarin fuka ta shanu, suka riƙa dasa ta daga wannan mazubi zuwa wancan har sau 230 a cikin shekara 13, har ta rasa ƙarfin jawo cuta, aka fara ba wani jariri ita a Faris a 1921. Ana yin allurar a cikin fata, a saman dantse, kuma bayan 'yan makonni wurin yakan yi ɗan ƙurji, ya fashe, ya warke ya bar tabo. Wannan alama ce ta cewa bakteriyar mai rai ta yi ɗan zama a wurin. Da yake mai rai ce, ba a ba wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni sosai, kuma idan aka haɗa garinta da ruwa, abin da ya rage bayan awa shida zubar da shi ake yi.

Yaya ake yin rigakafi daga dafi, alhali dafin ne ke kisa?

A 1923 Gaston Ramon, wani likitan dabbobi a Faransa, ya nuna cewa idan aka jiƙa dafin mashaƙo a fomalin aka ajiye shi da ɗumi na wasu makonni, yana rasa ikon cutarwa amma sifarsa ba ta sauyawa. Ya zama kamar macijin da aka cire wa haƙori: jiki zai gan shi ya gane shi, ya tanadi makamin yaƙarsa, ba tare da an sare shi ba. Ba da jimawa ba aka yi wa dafin sarƙewar haƙora irin wannan aiki. Abin da jiki ke samarwa shi ne sinadaran garkuwa, waɗanda likitoci ke kira antibodi, masu kama dafin tun kafin ya kai ga jijiya ko zuciya.

Sarƙewar haƙora tana da wasu halaye biyu da ya kamata kowa ya sani. Bakteriyarta a ƙasa take zaune, ba ta bin mutum zuwa mutum, don haka rigakafin maƙwabci ba ya kare kowa sai mai shi. Sannan dafinta yana da ƙarfin da ɗan abin da zai kashe mutum bai kai yawan da zai koyar da garkuwar jiki ba, wato wanda ya yi ciwon ya tashi ma yana bukatar allurar. Dalilin yi wa mai juna biyu ke nan, domin antibodin uwa ya ratsa mabiyiya ya kare jariri a kwanakin da cibiyarsa ba ta warke ba.

Me ya sa wasu alluran sanƙarau da ciwon huhu ba sa aiki a jikin jarirai, wasu kuma suna yi?

Wannan ita ce tambayar da amsarta ta fi sauya lafiyar yara a shekaru arba'in da suka wuce. An fara ne da tace sukarin ɓawon bakteriyar zalla a yi allura da shi. Haka aka yi rigakafin ciwon huhu mai kariya daga nau'i 14 na bakteriyar a 1977, da mai nau'i 23 a 1983, da tsofaffin alluran sanƙarau. Suna aiki a jikin manya, amma suna da naƙasu uku: yaron da bai kai shekara biyu ba jikinsa ba ya amsa su yadda ya kamata, kariyarsu tana gushewa bayan 'yan shekaru ba tare da jiki ya riƙe tarihin abin da ya gani ba, kuma ba sa hana bakteriyar zama a maƙogwaron mai lafiya yana yaɗa ta. Dalili shi ne akwai wani rukuni na sojojin jiki, masu taimaka wa masu ƙera antibodi su ƙware su kuma tuna, waɗanda furotin kaɗai suke ganewa, sukari ba ya motsa su.

Maganin matsalar shi ne a ɗaure sukarin da wani furotin da jiki ya saba amsawa, galibi dafin sarƙewar haƙora ko na mashaƙo da aka riga aka kashe wa ƙarfi. Idan sojan jiki ya kama sukarin, sai ya haɗiye shi tare da furotin, ya samu taimakon da da ba zai samu ba. Tun a 1929 Oswald Avery da Walther Goebel suka nuna haka a jikin dabbobi, amma sai a 1987 aka amince da rigakafi na farko irin wannan, wato na bakteriyar Hib mai jawo sanƙarau da ciwon huhu a ƙananan yara. Kafin nan yara kusan 20,000 ne ke kamuwa da mummunan ciwon Hib kowace shekara a Amurka, bayan zuwansa adadin ya faɗi da fiye da kashi 99 cikin 100. Na ciwon huhu ya biyo baya a 2000, sai MenAfriVac na sanƙarau nau'in A da aka fara a Burkina Faso a Disambar 2010, sai na taifod, sai Men5CV mai nau'i biyar, A da C da W da Y da X, wanda Najeriya ta riga kowace ƙasa fara amfani da shi a 2024.

Babban alherin wannan iri shi ne yana share bakteriyar daga maƙogwaro, sai yaɗuwarta ta ragu har wanda ba a yi wa allura ba ya amfana. An ga haka a Chadi bayan yi wa mutum kusan miliyan 1.8 allura a ƙarshen 2011: a yankunan da aka yi, sanƙarau ya ragu da kashi 94 cikin 100 idan aka kwatanta da inda ba a yi ba.

To me ya hana a yi wa kowace bakteriya irin wannan?

Ba kowace ce ke da ɓawon da ya dace ba. Sukarin sanƙarau nau'in B ya yi kama da wani sukari da ke jikin jijiyoyin ɗan Adam, don haka garkuwar jiki ba ta ɗaukar sa baƙo. Dole aka koma neman furotin. Da aka karanta kundin gadon bakteriyar gaba ɗaya a 2000, masana ƙarƙashin jagorancin Rino Rappuoli suka tace ɗaruruwan furotin ta kwamfuta, suka gwada su a jikin ɓeraye, suka zaɓi 'yan kaɗan, aka samu rigakafin Bexsero wanda Tarayyar Turai ta amince da shi a 2013.

Tarin shiƙa ma yana da na furotin. A 1975 Japan ta dakatar da tsohon rigakafin bayan mutuwar jarirai biyu da aka yi wa allura, iyaye suka ja baya, sai ga shi a 1979 mutum kusan 13,000 sun kamu, 41 sun mutu. A 1981 ƙasar ta fito da sabon rigakafi mai ɗauke da zaɓaɓɓun furotin kawai, wanda zazzaɓinsa ya fi sauƙi. Sai dai daga baya aka gano kariyarsa ta fi saurin gushewa, kuma wani gwaji a jikin birai da aka wallafa a 2014 ya nuna yana hana ciwo amma ba ya hana ɗaukar bakteriyar da yaɗa ta. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci ƙasashen da ke amfani da tsohon su ci gaba da shi. A ganina wannan shawara ce mai kyau, domin sabon abu ba lallai ne ya fi tsoho a kowace fuska ba.

Mene ne amfanin alminiyam da ake cewa yana cikin wasu alluran?

Furotin da aka tace tas ba ya tayar da garkuwar jiki sosai. A 1926 Alexander Glenny ya gano cewa idan aka manna shi a jikin gishirin alminiyam, amsar jiki tana ƙaruwa matuƙa. Abin da ke cikin allura ɗaya galibi bai kai miligiram ɗaya ba, kuma shi ne ke sa ruwan allurar ya yi fari-fari idan aka girgiza kwalbar.

Wane gwaji ake yi kafin a taɓa jikin mutum?

Ana fara tabbatar da abin da ke cikin kwalbar a ɗakin gwaje-gwaje: ainihinsa, da tsarkinsa, da yawansa. Sannan a ba ɓeraye ko zomaye ko ɓeran Masar, a ga ko sun samar da antibodi, kuma ko antibodin yana kashe bakteriyar ko yana kashe ƙarfin dafinta. Akwai kuma gwajin illa, inda ake ba dabba adadin da mutum zai karɓa, a maimaita fiye da yadda za a yi wa mutum, daga baya a duba jininta da hanta da ƙoda da wurin allurar. Sai wannan bayani ya gamsar da hukumar kula da magunguna da kwamitin ɗa'ar bincike sannan a ba da izinin gwaji a kan mutane.

Yaya gwajin mutane yake tafiya, kuma me ake nufi da "kariya kashi 80 cikin 100"?

Mataki uku ne kafin amincewa. Na farko, manya masu lafiya 'yan gomomi, ana neman illa. Na biyu, ɗaruruwan mutane, ana neman adadin da ya dace da yawan allurai da tazararsu, kuma a nan ne ake sauka a hankali daga manya zuwa yara zuwa jarirai. Na uku, dubbai ko dubun-dubata, ana neman amsar babbar tambaya, wato ko rigakafin yana hana ciwon.

A mataki na uku ana raba mutane gida biyu ta hanyar ƙuri'a, gida ɗaya ya karɓi rigakafin da ake gwadawa, ɗayan ya karɓi wani abu dabam, kuma daga mai karɓa har likitan da ke duba shi babu wanda ya san wa ya samu me. Ƙuri'ar tana hana a zaɓi masu ƙoshin lafiya a tara su gefe ɗaya, ɓoyewar kuma tana hana son zuciya shiga lissafi. A ɗauka an sa yara 10,000 a kowane gida, bayan shekara biyu yara 100 suka kamu a gidan da bai samu rigakafin ba, 20 suka kamu a gidan da ya samu. An hana 80 daga cikin 100 da za su kamu ke nan, wannan ita ce kariya kashi 80 cikin 100.

Cututtukan bakteriya suna da wata wahala ta musamman a nan, domin tabbatar da cewa wannan bakteriyar ce ta jawo wannan ciwon yana bukatar a shuka jini ko ruwan laka a ɗakin gwaji, kuma yaron da ya riga ya sha maganin kashe ƙwayoyin cuta sau da yawa ba a samun komai a jininsa. Shi ya sa a gwajin rigakafin ciwon huhu da aka yi a Gambiya daga 2000 zuwa 2004 kan yara kusan 17,000 aka haɗa da hoton ƙirji. Sakamakon ya nuna ciwon huhun da hoto ya tabbatar ya ragu da kashi 37 cikin 100, mace-macen yara gaba ɗaya kuma ya ragu da kashi 16.

Ba zalunci ba ne a hana wasu yara rigakafin don a kwatanta?

Da an riga an san yana aiki, da zalunci ne, kuma ƙa'idojin bincike da suka ginu kan Sanarwar Helsinki ta 1964 ba su yarda a hana mutum kariyar da aka tabbatar ba. Idan akwai tsohon rigakafi mai aiki, da shi ake kwatanta sabon. Idan babu wanda ake amfani da shi a wurin, sau da yawa ana ba gidan kwatancen wani rigakafi mai amfani na wata cuta, kamar yadda aka ba yaran kwatance allurar sanƙarau a gwajin rigakafin taifod a Nepal da Malawi. Dole ne iyaye su amince bayan an yi musu bayani da harshen da suke ji, suna da 'yancin janyewa a kowane lokaci, kuma akwai kwamiti mai zaman kansa da ke leƙa sakamakon a asirce, mai ikon tsayar da gwajin idan illa ta bayyana. An taɓa yin haka a 2011, lokacin da aka dakatar da gwajin wani rigakafin bakteriyar Staphylococcus aureus a kan masu jiran tiyatar zuciya.

Idan ciwon ba shi da yawa, ta yaya za a san rigakafin yana aiki?

Sanƙarau yakan yi shekaru bai ɓarke ba, kuma ba wanda ya san inda zai ɓulla, don haka gwajin jiran masu kamuwa zai bukaci mutane masu ɗimbin yawa. A nan ake komawa ga ma'aunin jini. A 1969 wani bincike kan sababbin sojojin Amurka ya nuna cewa waɗanda jininsu ke iya kashe bakteriyar sanƙarau a cikin kwalbar gwaji, ko da an tsarma shi ninki huɗu, ba sa kamuwa. Wannan ya zama ma'auni: a ɗebi jinin wanda aka yi wa allura, a riƙa tsarma shi, a zuba masa bakteriya mai rai, a ƙirga waɗanda suka tsira. Da irin wannan shaida Birtaniya ta fara rigakafin nau'in C a 1999, da ita kuma aka amince da MenAfriVac, kuma abin da ya biyo baya a fili ya gaskata ma'aunin.

Hib da ciwon huhu da mashaƙo da sarƙewar haƙora duk suna da adadin antibodin da aka yarda yana nuna kariya. Na ciwon huhun jarirai, misali, maikurogiram 0.35 ne a kowace mililita ta jini. Tarin shiƙa da tarin fuka kuwa har yanzu ba su da ma'aunin da aka yi ittifaƙi a kansa, kuma rashinsa yana cikin manyan dalilan da ke sa aikin sabon rigakafinsu yake jan ƙafa.

Gaskiya ne ana sa wa mutane cuta da gangan?

Gaskiya ne, amma galibi ga cututtukan da ake da tabbacin maganinsu, kuma a kan manya masu lafiya da suka amince. A gwajin taifod da aka yi a Jami'ar Oxford, wanda aka wallafa a 2017, an yi wa masu sa kai allura, bayan wata guda suka sha bakteriyar a cikin ruwa, aka riƙa duba jininsu kullum har mako biyu, kuma kowa ya karɓi magani, ko da alamar ciwo ko babu. Rigakafin ya ba da kariya kusan kashi 55 cikin 100 a wannan tsattsauran gwaji, daga baya gwajin yara kusan 20,000 a Nepal ya nuna kusan kashi 80. Amurka ma ta amince da wani rigakafin kwalara a 2016 bisa irin wannan gwaji.

Me ya sa ake samun saɓanin sakamako kan BCG?

Gwajin da aka yi kan matasa fiye da 50,000 a Birtaniya a shekarun 1950 ya nuna kariya kusan kashi 80 cikin 100. Wanda aka fara a 1968 a Chingleput da ke kudancin Indiya, kan mutum fiye da 260,000, bai nuna wata kariya ga tarin fukan huhu na manya ba. Bayanin da ya fi karɓuwa shi ne a ƙasashe masu zafi mutane suna cuɗanya tun suna yara da dangin bakteriyar da ke cikin ƙasa da ruwa, waɗanda ke ba da 'yar kariya su kuma rage tasirin allurar. Abin da ba a saɓa a kansa ba shi ne BCG yana kare ƙananan yara daga tarin fuka mai shiga ƙwaƙwalwa ko ya bazu a jiki, kuma wannan kaɗai ya isa dalilin yi wa jariri da zarar an haife shi.

Idan an amince da rigakafi, an gama gwaji ke nan?

A'a, kuma a nan ne rigakafi ya bambanta da ƙwayar magani. Daga halitta mai rai ake noma shi a cikin manyan tankuna, don haka zubin yau yana iya saɓa wa na jiya, kuma kowane zubi sai an gwada shi. Da rayuka aka koyi wannan darasi. A 1901 yara 13 suka mutu a St. Louis ta Amurka saboda maganin mashaƙo da ya gurɓata da sarƙewar haƙora, abin da ya haifar da dokar sa ido ta 1902. A 1930 a Lubek ta Jamus aka ba jarirai 251 BCG da ya gauraya da bakteriyar tarin fuka mai ƙarfi a ɗakin da aka haɗa shi, fiye da 70 suka mutu.

Akwai gwajin da ya shafi kowane iri. Ana zuba samfuri a ruwan da ƙwayoyin cuta ke son girma a ciki, a ajiye kwana 14, idan ruwan ya yi gurɓi an yi watsi da zubin. Ana auna abubuwan da ke jawo zazzaɓi, da can ta hanyar yi wa zomaye allura a auna zafin jikinsu, yanzu galibi da wani sinadari daga jinin wata halittar teku mai kama da ƙaguwa, wanda ke daskarewa idan ya haɗu da gubar bangon bakteriya.

Sauran gwajin kuwa ya danganta da irin rigakafin. Mai rai, ana ƙirga bakteriyar da ke raye a ciki, a kuma yi wa ɓeran Masar allura a jira mako shida don a tabbatar babu mai jawo cuta. Na dafi, ana tabbatar da cewa dafin ya mutu, sannan a ajiye shi da ɗumin jikin mutum na makonni a sake dubawa ko ya farfaɗo. Wanda aka ɗaure sukari da furotin, ana auna yawan sukarin da ya kwance, domin sukarin da ya rabu da furotinsa ya koma tsohon iri wanda ba ya amfanar jariri. Tsohon rigakafin tarin shiƙa kuwa har yau da gwajin Pearl Kendrick ake auna ƙarfinsa: a yi wa ɓeraye allura, bayan mako biyu a sa musu bakteriyar, a ƙirga waɗanda suka rayu. Ana kwatanta sakamakon da wani samfurin ma'auni na duniya da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar, domin awon masana'antar Indiya ya zama daidai da na Beljiyam. Bayan masana'anta ta gama, hukumar ƙasar da aka yi rigakafin tana bin takardun zubin, sau da yawa ta sake gwajin da kanta, kafin ta sake shi.

Gwajin dabbobi yana cin lokaci, sakamakonsa yana yawan tangal-tangal, kuma dabbobin suna shan wahala, don haka ana ta maye gurbinsa da awon antibodi da gwajin ƙwayoyin halitta a kwalba. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye wani tsohon gwajin illa na bai-ɗaya da ake yi a jikin ɓeraye, bayan an ga ba ya ƙara wani tabbaci.

Rigakafi mai kyau yana iya lalacewa a hanya?

Yana iya lalacewa. Galibinsu tsakanin digiri 2 zuwa 8 ake ajiye su. A jikin kwalabe da yawa akwai wani ɗan tambari, murabba'i mai haske a cikin da'ira mai duhu, kuma zafi yana sa murabba'in ya riƙa duhu. Ranar da ya kai duhun da'irar, kwalbar ta tashi daga aiki. Abin da mutane suka fi mantawa shi ne daskarewa ma tana lalata duk mai alminiyam, kuma tambarin ba ya nuna ta. Idan ma'aikacin lafiya ya yi zargi, sai ya ɗauki kwalba ɗaya daga zubin ya daskarar da ita da gangan, ya bari ta narke, ya girgiza ta tare da wadda yake zargi, ya jera su yana kallo ta fuskar haske. Wadda ta taɓa daskarewa garinta yakan dunƙule ya kwanta da sauri, ruwa ya yi garau a sama. Idan ta zargin ta kwanta da irin wannan sauri, ba za a yi amfani da ita ba.

Me ake ci gaba da dubawa bayan miliyoyi sun karɓa?

Illar da ke samun mutum ɗaya cikin miliyan, kamar mummunar borin jini nan take bayan allura, gwajin mutum 30,000 ba zai gan ta ba. Don haka ake tattara rahoton duk abin da ya samu mutum bayan allura, a bincika ko allurar ce sanadi ko kuwa haɗuwar lokaci ce, ta hanyar kwatanta yawansa da na waɗanda ba su karɓa ba. Ana kuma bin bakteriyar ita kanta. Ta ciwon huhu tana da nau'i fiye da 90, kuma da rigakafin shekarar 2000 ya kawar da bakwai, sai wasu suka cike gurbin, musamman nau'in 19A, dole aka faɗaɗa shi zuwa nau'i 13 a 2010. Haka bayan nau'in A na sanƙarau ya kusa ɓacewa a Afirka, nau'in C da W da X suka ci gaba da ɓarkewa, abin da ya sa aka yi Men5CV.

Waɗanne cututtukan bakteriya ne har yanzu ba su da rigakafi?

Ciwon sanyi ba shi da rigakafin da aka yi dominsa, haka tunjere, haka Staphylococcus aureus mai addabar raunuka da marasa lafiya a asibiti. Wasunsu suna sauya kamannin fatarsu, wasu kuma ko mutum ya yi ciwon ya warke ba ya samun kariya, wato babu amsar jiki ta asali da za a kwaikwaya. Buƙatar tana ƙara tsananta ne saboda magungunan kashe bakteriya suna rasa ƙarfi.

Babban giɓin dai shi ne tarin fukan manya, wanda ke kashe mutum fiye da miliyan ɗaya a shekara. Wani rigakafi na furotin mai suna M72 ya nuna kariya kusan kashi 50 cikin 100 na tsawon shekara uku a gwajin manya kusan 3,500 a Kenya da Zambiya da Afirka ta Kudu. A 2024 aka fara gwajinsa na mataki na uku kan mutum kusan 20,000, kuma da yake babu ma'aunin jini da za a dogara da shi, sai an jira shekaru an ƙirga waɗanda suka kamu a kowane gida kafin a san matsayinsa.